Ƙafafun da Suke Hana Mai Su Barci

Akwai wani ciwo mai wuyar faɗa. Mai shi yakan zo asibiti, a tambaye shi abin da ke damunsa, ya ce, "Ƙafafuna ne." A ce suna ciwo? Ya ce ba ciwo ba ne sosai. Suna kumbura? A'a. A duba ƙafar, babu ƙurji, babu rauni, kuma yana takawa sarai. Sai a ba shi parasetamol ya koma gida. Dare na yi, abin ya dawo. In haka ta faru sau biyu ko uku, sai ya daina faɗa wa kowa, don kada a ce raki ne ya yi masa yawa.

Ciwo ne na gaske, kuma likitoci sun daɗe da saninsa. Wani likitan Ingila, Thomas Willis, ya rubuta bayaninsa tun a shekarar 1672. A 1945 wani likitan ƙasar Suwidin, Karl-Axel Ekbom, ya yi cikakken bincike a kansa, ya sa masa suna ciwon ƙafafun da ba sa hutawa. In an rubuta maka takarda da Faransanci za ka ga an sa "syndrome des jambes sans repos". Yana kama maza da mata, amma mata sun ninka maza wajen kamuwa da shi. Yana ƙaruwa da shekaru, kuma yana bin jini: da yawa cikin masu shi, in aka bincika, za a tarar uwa ko uba ko wani ɗan'uwa na fama da irinsa.

Yadda ake gane shi

Babu hoto ko awon jini da zai nuna wannan ciwo. Daga bakin mai shi ake gane shi, shi ya sa yake da muhimmanci ka san yadda za ka yi bayaninsa. Abubuwa huɗu ne sai sun haɗu.

Na farko, mutum yana jin dole ne ya motsa ƙafarsa. Yawanci akwai wani abu marar daɗi da ke tafe da wannan, can cikin nama, tsakanin gwiwa da idon sawu, wani lokaci har cinya. Kowa da yadda yake kwatanta shi. Wani ya ce kamar kiyashi ne ke yawo a cikin ƙashi. Wata ta ce kamar tsutsa ce ke motsi. Akwai mai cewa ƙaiƙayi ne a wurin da farce ba ya kaiwa, akwai mai cewa kamar ana jan jijiya, ko ruwa na gudu a ciki. Yawanci ƙafa biyun ne, ko da ɗaya ta fi ɗaya.

Na biyu, hutu ne yake tayar da shi. Muddin kana noma, ko daka, ko tafiya kasuwa, ba ka jin komai. Sai ka zauna ko ka kwanta, bayan ɗan lokaci ya fara. Doguwar tafiya a mota azaba ce ga mai wannan ciwo. Ka duba mutumin da zai zauna a kujera ɗaya daga Yamai zuwa Damagaram, tafiyar kusan kilomita 900, ga kaya a ƙarƙashin ƙafarsa, babu wurin miƙewa. Haka zaman sauraron wa'azi, ko zaman makoki, ko zaman kitso.

Na uku, motsi yana kawo sauƙi nan take. Da ka tashi ka taka, ko ka miƙe ƙafar, ko ka murza ta, sai ya lafa. Kana komawa shimfiɗa ya dawo.

Na huɗu, yana da lokacinsa. Yakan fara da yamma, ya tsananta daga bayan isha zuwa tsakar dare, sannan ya sassauta wajen asuba. Shi ya sa mai shi yakan sami barcinsa mafi daɗi daidai lokacin da sauran mutanen gida ke tashi.

Akwai kuma shaida daga wanda kuke kwana tare. Kusan takwas cikin goma na masu wannan ciwo ƙafarsu takan yi fizga cikin barci, a kai a kai, kamar kowane daƙiƙa 20 zuwa 40, ba tare da sun sani ba. In mijinki ko matarka na ƙorafin shuri da dare, ka faɗa wa likita, domin yana taimaka masa.

Abin da ba shi ba

Ba kowane ciwon ƙafa na dare ne wannan ba, kuma maganinsu ya bambanta. Ɗaurewar nama, wadda sha-raɓa ke ƙullewa farat ɗaya ta yi tauri kamar dutse da zafi mai tsanani, takan saki bayan minti kaɗan, kuma kana iya taɓa ƙullin da hannu. Ciwon gaɓɓai yana zaune ne a gwiwa ko idon sawu, kuma tafiya ƙara shi take yi. Ƙafar da ta sage don an daɗe zaune a kanta, gyara zama ɗaya ya ishe ta.

Wanda ya fi rikitarwa shi ne lalacewar jijiyoyin ji. Mai ciwon sukari, ko mai shan maganin tarin fuka, ko mai shan giya da yawa, yakan ji tafin ƙafarsa na zafi kamar an zuba barkono, ko ya ji ya mutu kamar yana taka auduga. Wannan yana nan dare da rana, kuma tafiya ba ta kore shi. Mutum ɗaya na iya haɗa biyun. In kuwa akwai wani tabo a fata mai haske wanda ba ya jin taɓi, a zo a duba ko kuturta ce, domin tana da magani kuma tana warkewa.

Ga wanda ba a jira da shi: ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo in an taɓa, musamman ga mai ciki, ko mai jego, ko wanda aka yi wa aiki. Jini ne mai yiwuwa ya daskare a jijiya. Kada a murza ta. A kawo mai ita asibiti a ranar.

Mutane da yawa suna tsoron ko wannan ciwo mafarin shanyewar jiki ne. Ba ya shanye ƙafa, ba ya sa a yanke ta, ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ɓarnarsa a barci take, kuma wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce. Direban da ya kwana yana zagaya tsakar gida, ko ɗan kabu-kabu, haɗari ne ga kansa da wanda ya ɗauko. Matar da ta yi wata uku ba ta yi barcin kirki ba takan zama mai saurin fushi da mantuwa, a ce ta canza hali. Wasu har duniya ta ishe su. In ka kai ga jin gara mutuwa da wannan wahala, kada ka riƙe a ciki, ka zo ka faɗa mana ko ka faɗa wa wanda ka amince da shi ya rako ka.

Tukunya da rumbu

Ko da yake a ƙafa ake jin abin, tushensa a ƙwaƙwalwa yake. Akwai wani sinadari mai suna dofamin da ƙwaƙwalwa take amfani da shi wajen daidaita motsin jiki. Ba ta iya sarrafa shi yadda ya kamata sai da sinadarin ƙarfe, wato wanda yake cikin ƙwayar ƙarin jini da ake ba mata a wurin awon ciki. In ƙarfen da ke isa ƙwaƙwalwa ya yi kaɗan, aikin ya rikice, kuma da dare abin ya fi bayyana.

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Wani zai ce, "Ai an auna jinina, an ce ya isa." Awon jinin da aka saba yi yana nuna abin da ke cikin tukunya ne. Jiki kuwa yana da rumbu inda yake ajiye ƙarfe, kuma sai rumbun ya kusa ƙarewa kafin a ga alama a tukunya. Gida na iya ɗora girki yau da gobe alhali damin ƙarshe ake sussukewa. Awon da yake leƙa rumbun sunansa feritin. Ga mai wannan ciwo, in feritin bai wuce 75 ba, likitoci suna ba da ƙarfe ko da jinin ya isa. Ba kowane gidan likita ke da wannan awo ba, kuma zazzaɓin cizon sauro ko wani ciwo mai sa zazzaɓi yana ɗaga shi ya nuna kamar rumbun a cike yake. Don haka an fi so a yi shi lokacin da mutum yake lafiya. Inda babu awon, likita zai duba tarihinka da idonka da tafin hannunka ya yanke shawara.

A ƙasashenmu hanyoyin da rumbu ke yoyo suna da yawa. Ga haila mai yawa. Ga haihuwa a kai a kai, ciki na bin ciki kafin uwa ta mayar da abin da ta rasa. Ga tsutsar ciki mai shan jini, wadda take shiga ta fatar ƙafa in ana yawo ba takalmi a ƙasa mai damshi. Ga tsargiya, mai sa fitsarin jini, da ake ɗauka a tabki da gulbi da hanyoyin ruwa na noman rani. Ga basir mai zubar da jini, da gyambon ciki, wanda yawan shan asfirin da ibuprofen da diklofenak ke haddasawa. Wata alama da ake raina ta ita ce kwaɗayin cin farar ƙasa ko tauna ƙanƙara. Sau da yawa jiki ne yake kukan ƙarancin ƙarfe, kuma ita kanta farar ƙasar tana hana ƙarfe shiga jiki. Namiji babba, ko macen da ta daina haila, in aka tarar ƙarfensu ya ƙare, dole a nemo inda jinin yake tafiya. Ba a tsayawa a kan ƙwaya kawai.

Sai maganar ƙaho. Mai jin abu na yawo a ƙafarsa yakan ɗauka mataccen jini ne ko sanyi, ya tafi wurin wanzami. Yana iya jin sauƙi a daren, domin duk abin da ya ɗauke hankalin ƙafa yana kawo ɗan sauƙi. Amma jinin da aka zuƙe da ƙarfensa ya fita. Wanda rumbunsa ke ƙarewa ba ya ɗebo dami ya zubar.

Ciwon ƙoda mai tsanani shi ma yana kawo wannan ciwo, musamman ga waɗanda ake yi wa wankin ƙoda. Shi ya sa in kana da hawan jini ko ciwon sukari likita zai so ya auna fitsari da aikin ƙoda.

Ga mai juna biyu

Kusan mace ɗaya cikin biyar takan ji wannan abu lokacin da take da ciki, yawanci a watanni uku na ƙarshe. Ba ya taɓa jariri. Ga mafi yawan mata yakan tafi da kansa cikin kwanaki ko makonni kaɗan bayan haihuwa, ko da yake yana iya dawowa a ciki na gaba. Ki faɗa wa ungozoma a wurin awo, kada ki ji kunya ko ki ce ai laulayi ne. Ki sha ƙwayar ƙarin jinin da aka ba ki kullum, ki ci gaba da ita bayan haihuwa har lokacin da aka ce ki tsaya. Mun sha ganin ƙwayoyin nan a ƙulle a bakin zane, wata guda ba a taɓa su ba, don an ce suna sa jariri ya yi girman da zai wahalar da haihuwa. Ba haka ba ne. Abin tsoro shi ne mace ta shiga naƙuda da jini kaɗan, domin zubar jinin da wata za ta jure ita yana iya tafiya da ita.

Magungunan da suke ƙara shi

Mutumin da ya kasa barci yakan nufi mai tallan magani ya ce a ba shi na barci. Abin da aka fi ba shi kuwa shi ne maganin mura ko na ƙaiƙayi mai sa gyangyaɗi, irin su prometazin, wato Phenergan, ko klorfeniramin, ko Polaramine. Waɗannan suna ƙara tayar da ƙafa. Sai ya wayi gari ga maye a ido, ga ƙafa ta ƙi kwanciya, gobe ya ninka ƙwayar. Maganin amai metoklopramid, wato Primpéran, shi ma haka. Akwai kuma magungunan taɓin hankali irin su haloperidol da Largactil, da na baƙin ciki irin su amitriptilin da fluoksetin. In likita ne ya ɗora ka a kan ɗaya daga cikin waɗannan, kada ka tsayar da kanka. Ka koma ka faɗa masa, sau da yawa akwai wanda za a musanya da shi.

Tramol yana da nasa tarko. Yana kwantar da ƙafar na ɗan lokaci, mutum ya ce ya sami magani. Ba da daɗewa ba jiki ya saba, ƙwaya ɗaya ta koma uku. Ranar da aka rasa ta kuwa ƙafafun sukan tashi fiye da yadda suka taɓa yi, har hannuwa. Matasa da yawa da suka yi niyyar barin Tramol wannan ne ya mayar da su a dare na biyu ko na uku. In kana cikinsu, ka sani wannan tashin na wucewa ne, kuma akwai hanyar ragewa a hankali tare da likita, wadda ta fi yankewa farat ɗaya sauƙi da aminci.

Shayi, goro da Nescafé duka suna da sinadarin da ke hana barci, kuma suna ƙara ciwon ga mutane da yawa. Shayi yana da laifi biyu: yana hana barci, yana kuma kama ƙarfen da ke cikin abinci ya hana shi shiga jiki. Ba mu ce ka bar fada ba, ba mu ce ka rabu da goro har abada ba. Ka gwada mako uku ba shayi ba goro daga azahar zuwa kwanciya, ka ga abin da ƙafarka za ta ce. Taba da giya su ma suna tsananta shi.

Cika rumbu

In likita ya rubuta maka ƙwayar ƙarfe, yadda ka sha ta yana da muhimmanci. Ƙwaya ɗaya a rana, ko ɗaya bayan kwana biyu in ya ce haka, ta isa. Yawan sha ba ya sa ta shiga da sauri, sai dai ya ɓata ciki. Ka sha ta da ruwa, in da hali ka matsa lemun tsami a ciki. Kada ka haɗa ta da shayi, ko madara, ko fura da nono, ko maganin gyambon ciki. Ka bar awa biyu tsakaninsu. A watan azumi ana iya shan ta kafin kwanciya, nesa da shayin buɗa baki. Bayan gida zai yi baƙi, wannan ba komai ba ne. In ciki ya ɗaure, ka ƙara ruwa da ganye. In tana tayar maka da zuciya, ka sha ta bayan ɗan abinci, ya fi ka bari gaba ɗaya.

Sai haƙuri. Rumbu ba ya cika a mako ɗaya. Yawanci sai an yi wata uku kafin a sake awo, kuma sauƙin ƙafar a hankali yake zuwa. Ga wanda cikinsa ya ƙi ƙwayar, ko wanda ƙarancinsa ya yi tsanani, akwai ƙarfen da ake sawa ta jijiya a wasu asibitoci.

Gargaɗi biyu. Mai sikila, da duk wanda aka sha yi wa ƙarin jini, kada ya sha ƙwayar ƙarfe sai an auna, domin nasa rumbun yana iya cika har ya yi masa illa. Sannan ƙwayoyin nan suna kama da alewa a idon yaro, kuma in ƙaramin yaro ya haɗiye da yawa suna iya kashe shi. A ajiye su a sama, a rufe.

Abinci yana taimakawa, ko da yake shi kaɗai ba ya cika rumbun da ya ƙare. Ƙarfen hanta da jan nama da kifi ya fi saurin shiga jiki. Wake, gero, zogale, alayyaho da kuka suna da nasu, kuma yana ƙara shiga in an haɗa da tumatir, lemu, gwaiba ko garin ƴaƴan kuka. Hatsin da aka jiƙa ya yi tsami, irin na koko, ya fi sakin ƙarfensa. Ɗan nama kaɗan a cikin miya yana taimaka wa ƙarfen ganyen ma ya shiga.

In dare ya yi

Kada ka kwanta kana kokawa da ƙafar, ba za ka ci nasara ba. Ka tashi ka taka na minti goma. Ka dafa bango da hannu biyu, ka mayar da ƙafa ɗaya baya, diddige a ƙasa, ka karkata gaba har ka ji sha-raɓa ta miƙe, ka ƙirga talatin, ka sauya. Murza ƙafa da man kaɗe yana yi wa wasu. Wasu ruwan ɗumi ne nasu, wasu ruwan randa mai sanyi, sai ka gwada ka ga naka. Mai ciwon sukari da wanda ƙafarsa ba ta ji sosai su sa wani ya taɓa ruwan tukuna, don mun ga ƙuna mai muni ta wannan hanya.

Aikin da ke riƙe hankali yana danne shi: ɗinkin hula, saƙar faifai, dara, ko hira mai daɗi. Tafiya ko aikin ƙarfi daidai gwargwado da rana yana rage shi, amma gajiya mai tsanani tana tayar da shi, shi ya sa wasu suka fi jinsa a lokacin noma da girbi. A mota, ka nemi kujerar gefen hanya, ka sauka ka taka a duk inda aka tsaya, in da zaɓi kuma ka yi tafiyar safe.

Mutanen gida suna da nasu rabo. Matar da aka ga tana zagaya tsakar gida da ƙarfe biyu na dare ba iska ce ta taɓa ta ba, ba kuma sammu aka yi mata ba. In miji da abokiyar zama suka ɗauke mata aikin sassafe ta sami awa ɗaya ko biyu na barci bayan asuba, sun yi mata abin da ƙwaya ba za ta yi ba. Yara ma suna kamuwa. Yaron da ke kukan ƙafa da dare, ko wanda ya kasa zama wuri ɗaya a makaranta, kafin a ce ba ya ji a tambaye shi abin da yake ji a ƙafarsa, a kawo shi a auna jininsa.

In an cika rumbu, an janye magungunan da ke ƙara shi, amma har yanzu ana rasa barci dare da yawa a mako, akwai magani na gaba. Yanzu likitoci sun fi farawa da gabapentin ko pregabalin. Suna sa jiri da gyangyaɗi, ana rage su ga tsofaffi da masu ciwon ƙoda, ba a ba mai ciki, kuma haɗa su da Tramol ko giya yana iya tsayar da numfashi. Akwai wasu masu aiki irin na dofamin, kamar lebodopa da pramipeksol. Suna aiki sosai da farko, amma ga mutane da yawa, bayan watanni ko shekaru, ciwon yakan fara tun da rana, ya ƙara ƙarfi, ya hau hannuwa. Wanda ya ga haka kada ya ƙara ƙwaya, domin ƙarin ne yake hura wutar, kada kuma ya yanke farat ɗaya. Ya dawo asibiti.

Ranar da za ka zo, ka zuba duk magungunan da kake sha a leda ka taho da su, na farmasi da na tebur da na gargajiya, har da fankon kwalayensu. Ka lura tun mako guda kafin nan: ƙarfe nawa abin yake farawa, dare nawa ya hana ka barci, da lokacin da ka sha shayi na ƙarshe. In an tambaye ka, ka fara da cewa, "In na kwanta da dare dole sai na motsa ƙafata, in na tashi na taka sai ya lafa."